Yadda Fatar Saja Haggai Ta Yi Masa Bore

A garin Zuru, inda da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton wani cikin kaki rataye a bango ba, ba ƙaramin aiki ba ne mutum ya yi suna da jarumta. Duk inda ka juya tsohon soja ne, kuma kowanne da tabon da zai nuna maka in ka yi kuskuren tsayawa. Amma duk da wannan cunkoso na maza, Saja Haggai ya samu ya keɓe wa kansa suna guda: shi ne mutumin da bai san zafi ba. Ba wai yana ji ya daure ba, wannan ai kowane ɗan Zuru na yi. Shi cewa yake zafin ne ba ya zuwa masa. Ya faɗa, ya maimaita, har mutane suka gaji da musu, shi kuma da ya ga an daina musu sai ya gaskata kansa.

An haife shi a wani ƙauye da ke gindin dutse wajen Manga, a gidan manoman dawa. Da ya isa neman aure ya shiga golmo, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi ita. A gonar mahaifin Keziah ne sunansa ya fara. Wata rana fartanya ta kuɓuce ta same shi a babban yatsan ƙafa, ya ɗebi ƙasa ya toshe wurin, ya ƙarasa kunyarsa. Iyakar abin da ya faru ke nan. Sai dai labarin ya yi ta girma tare da mai shi. Da farko farce ne ya fita, bayan wasu shekaru ya zama rabin yatsa, kwanakin baya kuwa an ji shi yana cewa sai da ƙashi ya leƙo. Keziah, wadda ta kawo wa masu noma ruwa a ranar, ta gan shi ya zagaya bayan ɗorawa ya cusa riga a baki yana tsalle da ƙafa ɗaya. Ba ta gaya wa kowa ba, don a lokacin tana sonsa, daga baya kuma ta ga ba wanda zai yarda.

Bayan aure ya shiga soja kamar yadda yayyensa da kawunnansa suka yi. Ya je Laberiya, ya je Saliyo, ya dawo da tabo a cinya da kuma labarin cewa an ciro masa ƙarfe ba tare da allurar kashe zafi ba, yana kwance yana cin gyaɗa. Bai wuce saja ba har ya yi ritaya. A cewarsa manya ne ke tsoron mutumin da ba a iya horar da shi da azaba.

Ritaya ba ta zaunar da shi ba. Iyaye suka riƙa kawo masa samarin da ke son shiga soja don ya gasa su kafin a zo ɗauka. Kowace safiya za ka gan shi a bayansu da tsumagiya, suna hawa dutse da duwatsu a ka. Wanda ya faɗi ya kuje gwiwa, Saja zai tsaya a kansa ya tambaye shi ko uwarsa ce za ta riƙe masa bindiga. Babu zagin da ya fi raki muni a bakinsa. A gida ma haka. 'Yarsu Goodness ta taɓa kwana da ciwon haƙori tana ƙarama, da safe ya miƙa mata fartanya ya ce aiki zai mantar da ita. Keziah kuwa ta shekara goma tana fama da gwiwa, duk ranar da ta ce wash wajen tashi sai ya ce gwiwa ba ta ciwo, mai ita ce ke lalaci. Ita dai sai ta dafa bango ta miƙe ta ɗora masa tuwo.

Duk wannan suna yana da rana guda da ake fito da shi a shanya. Kowace shekara, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, tsofaffin sojojin garin kan yi fareti, kuma Saja Haggai ne ke riƙe sanda a gaba yana ba da oda. Kakinsa na wannan rana ba irin na kowa ba ne. Keziah kan dama sitacin rogo mai kauri ta tsoma shi, ta shanya, ta bi shi da dutsen guga na gawayi, har sai wando ya iya tsayawa da kansa ba kowa a ciki. A sahun farko a bayansa akwai Kofur Ladan, wanda suka shiga soja tare, wanda kuma ya daɗe yana kallon sandar nan kamar yadda kare ke kallon mahauci. Haggai ya san da haka. Ya kuma san ranar da ya kasa sa kakin nan ya tsaya a gaba, sanda ta tafi, samari sun tafi, kuma Zuru za ta gane cewa shi ma nama da jini ne kamar kowa.

To, ana cikin girbin dawa bara sai wani abu ya fara masa tsukui-tsukui a kafaɗar hagu. Ya ce ƙaiƙayin dawa ne. Kwana kaɗan sai ga ƙuraje masu ruwa sun yi jere, sun taso daga bayan kafaɗa, sun bi ta saman ƙirji, wasu sun haura gefen wuya har ƙasan kunne. Duk a gefe guda suke, ba ko ɗaya da ya tsallaka dama. Zafin kuwa ba irin wanda ya taɓa sani ba ne. Yanka ya san shi, duka ya san shi, amma wannan kamar an zuba masa garwashi a cikin riga an ɗaure. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne ba abokin gaba. Babu wanda ya harbe shi, babu abin da ya sare shi, fatarsa ce kawai ta tashi wata safiya ta juya masa baya.

Mai hankali asibiti zai nufa. Saja ya nufi kemis ɗin Fidelis, wani Inyamuri da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan ƙasa, ya jira sai da shagon ya zama ba kowa.

"Oga Saja, lafiya dai? Ban taɓa ganinka a nan ba," in ji Fidelis.

"Ba ni ba ne. Wani yaro ne cikin yarana, ƙuraje suka fito masa a kafaɗa yana ta raki."

"Masu ruwa? A gefe ɗaya?"

"Haka ya ce."

"Oga, ka kai yaron asibiti yau ɗin nan, kada ya kwana. Irin wannan ba a jira da shi."

"Yaron ba ya son asibiti. Ba ni man zafi, wanda ya fi kowanne zafi."

Fidelis ya dubi yadda Saja ya riƙe wuyan rigarsa da yatsu biyu yana nesanta shi da jiki, ya gane ko wane ne yaron. Amma wa zai faɗa wa Saja Haggai haka a fuskarsa? Ya miƙa masa kwalbar, ya ce don Allah kada a shafa a kan ƙurji, na ciwon baya ne da targaɗe. Saja ya ce ya ji.

Ya ji ɗin, amma yana da nasa ilimin. A ƙauyensu in gobarar daji ta taso, wuta ake kunnawa a gabanta a tare ta. A bariki kuma in an harbo ka, harbi kake mayarwa. Saboda haka da rana ta yi, Keziah ta tafi kasuwa, sai ya zagaya bayan rumbu da tafasasshen ruwa da tsumma. Ya fara gasa wurin. Sannan ya kwaɓa man zafin da dakakken barkono da citta, don kada a ce ya yi wa ciwo sassauci, ya lafta tun daga kafaɗa har kunne.

Ba wanda ya ga abin da ya biyo baya sai kaji, su kuma sai da suka watse. Ya zagaya rumbun nan da gudu ya fi a ƙirga, baki a rufe, don ko a wannan hali bai manta akwai maƙwabta ba. Da Keziah ta dawo ta same shi tsugune cikin duron ruwan da take tarawa na wanki, kansa kawai ke waje, idanu jajur.

"Baban Goodness, me kake yi a ruwana?"

"Wanka."

"Da wando?"

Ta leƙa ta ga kafaɗar, ta ɗora hannu a ka. Ya ce fitsarin gizo-gizo ne, ya riga ya yi maganinsa, kuma in ta kuskura wani ya ji, ta san sauran.

Ƙurajen suka fashe, suka yi ɓawo, suka bushe, suka bar tabo baƙi-baƙi. Saja ya ce ai ga shi nan, wuta ta kashe wuta. Sai dai ƙurajen ne suka tafi, zafin yana nan daram, har ma ya koyi sabon salo. Yanzu riga ce abokiyar gabarsa. In singileti ya gogi wurin sai ya ji kamar reza. In iska ta kaɗa ta taɓa wuyansa sai numfashinsa ya tsaya. Wata rana ƙuda ya sauka masa a kafaɗa, mutumin da ya ci gyaɗa ana ciro masa ƙarfe ya zabura har ya ture kwanon tuwo. Ya daina fita da samari, ya aika musu cewa yana gwada su ne ya ga wa zai yi gudu ba a tsaye a kansa. Ranar Kirsimeti bai je coci ba, ya ce fasto ya cika dogon wa'azi. Yana gida a zaune ba riga, ya ɗaura tsohon zanen Keziah a ƙugu, yana hararar duk abin da ke motsi.

Keziah ta yi lallashi, ta yi faɗa, ba abin da ya motsa shi. Ana shiga sabuwar shekara ta zo ta tsaya a gabansa da gyalenta a kafaɗa da littafin waƙoƙi a hannu.

"Zan tafi zumuntar mata. Yau zan miƙa sunanka a yi maka addu'a."

"Addu'ar me?"

"Zan ce maigidana yana kwance, ƙuda ma in ya taɓa shi sai ya yi tsalle. Matan za su taya ni roƙo. Har matar Ladan tana zuwa."

Haggai ya fuskanci bindiga, amma bai taɓa fuskantar irin wannan ba. Ya san abin da aka faɗa a zumunta da yamma, kafin a sauke tukunyar dare ya isa har garin Dirin Daji. Ya yarda zai ga likita, bisa sharaɗin ba a cikin Zuru ba. Washegari suka hau babur zuwa Danko, inda wani matashin likita mai suna Jabiru, mutumin wajen Argungu, ke da ɗan asibitinsa. Duk tsawon hanya iska na kaɗa rigar Saja tana shafar kafaɗarsa, shi kuma yana rera waƙar fareti da ƙarfi don kada mai babur ya ji abin da ke ƙarƙashinta.

Likita Jabiru ya duba tabon, ya yagi ɗan auduga ya shafa a gefen wuyan a hankali. Saja ya damƙe ƙafar kujera har ta yi ƙara.

"Baba, da zahi?"

"Babu."

"To, madalla. Bari in ƙara."

"Kada ka ƙara."

Likita ya ajiye audugar. Ya ce wannan ba aikin gizo-gizo ba ne. Ƙarambau ɗin da Saja ya yi yana yaro ne, ƙwayar cutar ba ta bar jikinsa ba, ta laɓe a gindin wata jijiya kusa da ƙashin baya tana barci. Da girma ya zo, garkuwar jiki ta ɗan yi sanyi, sai ta farka ta biyo jijiyar har zuwa fata, shi ya sa ƙurajen suka yi layi a gefe guda. Saja ya ce wannan ya ji, amma ƙuraje sun warke, me ya sa riga ke cizonsa?

"Baba, tunda ku soja ne, bari in gaya muku da yarenku," in ji likita. "Ƙarƙashin hwata akwai bakunan jijiyoyi ƙanana, aikinsu gadi, kamar santiri. In ana zaman lahiya ba su harbi sai an yanke ku ko kun taɓa wuta. To, in cuta ta shigo, ƙwayoyin jini masu yaƙi da ita suna zuba wasu sinadarai a wurin. Saƙo ne na neman agaji, su ne ka kawo kumburi da ja da ɗumi. Sinadaran ga in sunka taɓa bakin jijiya, sai su hirgita ta. Santirin da a da sai ya ga ɓarawo yake harbi, yanzu ko akuya ta gitta sai ya buɗe wuta. Riga ta zama ɓarawo, iska ta zama ɓarawo."

"To a ba su oda su tsagaita."

"Ba su jin oda, Baba. Mi kunka shafa a wurin ga? Na ga alamar ƙuna."

Saja ya dubi bango. Keziah ce ta lissafa: ruwan zafi, man zafi, barkono, citta. Likita ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce a jikin waɗannan jijiyoyi akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa in ta ji wuta, kuma barkono ma ita yake buɗewa, shi ya sa baki ke jinsa kamar wuta. Sinadaran kumburi sukan sassauta wannan ƙofa, har ɗumin jikin mutum kansa ya ishe ta buɗewa. A kan haka ne Saja ya zo ya ƙona fatar, jiki ya ƙara turo sinadarai, sannan ya bi da barkono.

"Wato kun iske santirinku a hirgice, kunka harba mai bindiga a kunne," in ji shi.

Keziah ta yi wani ƙaramin sauti ta mayar da shi tari.

Abin da ya biyo baya ba na dariya ba ne. Likita ya ce jijiyar ta ji rauni, kuma ta daɗe tana ihu har ta saba, ta yadda ko da cutar ta kwanta ita ba ta sani ba. Da an zo a kwanakin farko, akwai maganin da ke taka wa ƙwayar cutar birki, da wataƙila abin bai kai haka ba. Yanzu sai dai a lallaɓa. Ya rubuta ƙwayoyin da ke kwantar da jijiya, ya ce zai iya ɗaukar watanni, wasu har ya fi haka. A sa tufafi masu laushi, sakakku.

"Kaki fa? Ina da fareti."

"Ku bar wa wani bana, Baba."

A hanyar dawowa Saja bai yi waƙa ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai da wanda zai gaya wa. Ba zafin yake tsoro ba kamar ranar da za a ga Ladan a gaba da sanda, ana tambaya ina Haggai.

Ya sha ƙwayoyin na 'yan kwanaki, ya ga suna sa shi gyangyaɗi, ya ce soja ba ya fareti da barci a ido, ya tura su ƙarƙashin katifa. Ana haka wata rana zafin ya ishe shi, cikin fushi ya kai wa kafaɗar mari ya danne ta da tafin hannu. Abin mamaki, sai ya ji sauƙi-sauƙi. Ya sake gwadawa. Ashe dannawa da ƙarfi ba ta kai shafa a hankali ciwo ba. Nan take ya ga mafita, ya kuma ƙara tabbatar wa kansa cewa likitoci ba su san komai ba. Ya aiki Keziah wurin Fidelis ta sayo bandeji mai yawa, wai yaron nan ne ya yi targaɗe.

Safiyar fareti Keziah ta naɗe shi tamau tun daga ƙirji har kafaɗa, yana cewa ta ƙara ja. Ta ɗauko kakin da ya sha sitaci ta sa masa kamar ana sa wa mutum kwali. Wuri ɗaya ne bandeji bai rufe ba, ɗan fili a gefen wuya tsakanin kwalar riga da kunne, don in an naɗe nan kowa zai gani. Saja ya ɗan karkatar da kai dama yadda kwala ba za ta kai wurin ba, ya duba madubi, ya ga ai ma ya fi kwarjini a haka.

"Baban Goodness, ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji Keziah. "Ka bar wa Ladan na bana, baɗi ka karɓa."

"Miƙo mini sandata."

Filin ya cika. Ga 'yan makaranta, ga matan sojoji da ankonsu, ga samarinsa sun yi layi a gefe suna jiran su ga maigida. Kofur Ladan, wanda ya ji ƙishin-ƙishin cewa an ga Saja a Danko, ya taho da fara'a har kunne.

"Saja, kwana biyu! An ce ba ka jin daɗi."

"Wa ya ce?"

"Mutane dai." Ya ɗaga hannu ya sauke masa wani irin duka na gaisuwa a kafaɗar hagu, daidai kan bandeji, yana leƙen fuskarsa.

Saja ya ji shi har cikin haƙori, amma irin wanda ya iya ɗauka ne. Ko gira bai ɗaga ba. Ya ce wa Ladan ya koma layi, kuma ya gyara bel ɗinsa ya karkace.

Aka busa begila. Saja Haggai ya daka tsawa, tsofaffi suka ƙame gwargwadon abin da gwiwoyinsu suka yarda. Ya ja su suka zagaya fili, sanda a hammata, kai a karkace, gumi na bin bayansa. Duk taku ɗaya sai ya ji kamar ana jan zare mai wuta daga kafaɗa zuwa kunne, amma ƙafarsa ba ta saɓa ba. Jama'a na cewa ku dubi tsohon nan, ko wuyansa ba ya motsi. Da suka tsaya ya sara, aka ɗauki tafi. A zuciyarsa ya ce shi ke nan, ya ci. Ya riga ya fara shirya yadda zai ba da labarin nan gaba, da abin da zai gaya wa yaron likitan nan in sun haɗu.

Sai mai sanarwa ya ce kada kowa ya motsa. Matan tsofaffin sojoji sun shirya wata karramawa ba tare da sanin kowa ba. Sun ɗinka ɗamara ta siliki mai launin tuta, irin wadda ake ratayawa daga kafaɗa zuwa ƙugu, za su ba jarumin da ya fi kowa juriya a ƙasar Zuru. Aka kira sunansa. Aka kawo makirfo aka riƙe masa a baki don ya yi godiya. Wadda aka zaɓa ta rataya masa wata tsohuwa ce da mijinta bai dawo daga Saliyo ba, mace mai sanyin hannu, mai ganin girman maza.

Da ta jefa masa ita da gaggawa, da ya tsira. Amma baiwar Allah ta ɗaga silikin da hannu biyu, ta zura ta kansa a hankali, a hankali, don girmamawa, gefen ƙyallen ya bi ta ƙasan kunnensa na hagu yana shafa kamar gashin kaza.

Ihun da ya fito daga bakin Saja Haggai ya shiga makirfo, ya fita ta lasifika, ya bugi dutse ya dawo. Ba tsawar fareti ba ce. Uwarsa ya kira, da yarensu na C'lela, da irin muryar da yaro ke kiranta in ya taka ƙaya, uwar da ta daɗe a kabari. Ya yi tsalle gefe, sanda ta faɗi, hula ta bi ta, ya kama silikin yana fizga kamar maciji ne ya naɗe shi. Tsohuwar ta ja da baya tana ba da haƙuri, ba ta san laifin da ta yi ba.

Filin ya yi tsit. Daga can gefen samari wani ya kasa riƙewa, ya fashe, sauran suka bi. Waɗanda ya tsaya a kansu suna jini a gwiwa ne suka fi kowa ƙyaƙyatawa, har da masu riƙe ciki. Kofur Ladan bai yi dariya ba. Ya tako cikin natsuwa, ya sunkuya ya ɗauki sandar, ya kaɗe mata ƙasa, ya sa a hammata, ya ba da odar a watse. Muryarsa ta fita sarai, ka san ya daɗe yana gwada ta a ɗaki.

Keziah ce ta ratsa jama'a da ɗingishinta ta ɗauki hular, ta ja mijinta ta hannun dama suka fita ta bayan rumfa.

A gida ta zaunar da shi a inuwar mangwaro, ta ɓalle masa maɓallai, ta zare kakin, ta shiga warware bandeji. Da ta kusa gamawa sai ya kira ta.

"Maman Goodness."

"Na'am."

"An ji sosai?"

"Lasifikar sabuwa ce."

Ya sunkuyar da kai. Can waje ana jin yara sun wuce suna gwada ihun, ɗaya na gyara wa ɗaya. Sannan Haggai ya ce, da wata murya ƙarama da ba ta san yana da ita ba, "Yana yi mini zafi, Keziah. Kullum. Ko yanzu."

Tausayinsa ya kama ta, duk da ta so a ce haushi ne ya zo. Ta miƙa hannu za ta dafa kafaɗarsa yadda ake yi wa mai ciwo. Tun hannun bai isa ba ya noƙe, ya kare wurin da gwiwar hannu, ido a rufe. Su duka biyu suka ga abin da ya yi. Ta tsaya da hannun a iska, sannan ta janye shi, ta sunkuya ta ɗauki kakin daga ƙasa, har yanzu a sandare yake da siffar mutum.

"In wanke, ko in sa a akwati?"

Ya dubi rigar, ya dubi igiyoyin saja ukun da ke hannun rigar.

"Sa a akwati," in ji shi.